Shekarar da Aka Ɗaura wa Ladi Ganye

Ni dai a bakin sitiyari na tsufa, kuma in aka ce a lissafa wuraren da aka tare ni a hanya aka ce sai an biya za a wuce, sai dai a nemi mai sauran ƙarfi ya lissafa. Na san tolget ɗin hanyar Kaduna tun ana yago wa mutum 'yar takarda ta taga. Na san na hanyar Lakwaja, inda masu soyayyen kifi ke cusa maka tire a fuska tun ba ka gama taka birki ba. Na san na bakin filin jirgin sama, wanda har gobe yana nan. A gabana gwamnati ta sa katafila ta rushe na manyan hanyoyi, muka yi ta murna kamar an raba mana gado, ba mu san wasu za su tsiro a madadinsu ba: masu katako mai ƙusa, masu igiya, masu durom, kowa da kalar rigarsa. Galibinsu ba su dame ni ba, don motar wata ma'aikatar gwamnatin tarayya nake ja. Da an hango lambar sai a ɗage sanda, ni kuma in ɗaga yatsa daga kan sitiyari in wuce, kai ka ce ubana ne ya shimfiɗa kwaltar.

Wuri ɗaya ne lambar nan ba ta yi mini rana ba, wata gadar katako a bayan Jiwa, a kan hanyar ƙauyen mahaifiyarku. Saboda ita ne kuka tashi ba ku taɓa ganina a gidan kakanninku ba, sai dai in kai ku tasha in sa ku a mota in juyo. Na san abin da dangin uwarku suka gaya muku, cewa babanku ne ya ɗaura wa yayarku Ladi ganyen gawa tana da rai. Kai Habibu ka taɓa tambayata kana sakandare, na daka maka tsawar da ba ka sake ba. Tsawar ba taka ba ce, ka yi haƙuri. Lokacin mahaifiyarku tana raye, kuma ba zan iya ba ka amsa tana ɗaki tana ji ba. Yanzu ta riga mu, Allah ya jiƙan ta, ni ma ƙafa ta fara nauyi, gara ku ji daga bakina.

Mahaifiyarku Asabe Bagwariya ce, ni kuwa daga ƙasar Zazzau abinci ya kawo ni Abuja. A kasuwar Gudu na fara ganin ta tana sayar da doya, ta tsuga mini tsada, na koma washegari don in rama, ramuwar da ta kai mu ga aure. Gidansu gida ne mai hanya uku. Tsohon, wato mahaifinta, yana kan abin kakanninsa, wanta Bulus shi ke ja musu waƙa a coci, ita kuma ta musulunta tun kafin mu haɗu, kuma duk a tukunya ɗaya ake ci. Hausarta har ta koma ga Allah ba ta bambanta mace da namiji, kowa “shi” ne a wurinta, in na yi mata gyara ta ce ai na gane. Muna zaune a ciki da falo a bayan kasuwar Gudu aka haifi ta farinmu ranar Lahadi. Na raɗa mata Halima, amma kakarta ta wajen uwa ta kira ta Ladi, sunan ya bi ta, har ni na sallama. Yarinya ce mai surutun tsiya, siririya, mai wushirya. Ita ce ta karɓe ni aikin gyara wa uwarta Hausa, sai ka ji tana cewa, “Mama, ba a cewa kaza ya yi ƙwai.” Tana 'yan ajin farko na firamare, duk hutun damina sai Kaka ta aiko a kai mata ita.

A daminar wannan shekara ruwa ya tafi da tsohuwar gadar siminti da ke kan rafin da ya raba ƙauyukan can da hanyar Jiwa. An kai kuka ofis-ofis, aka zo da farar mota aka duba, aka tafi. Da samarin ƙauyen bakin rafin suka ga doya za ta ruɓe a gona, suka haɗa kai suka je Apo wurin makanikai, suka sayo ƙarafan gindin wata matacciyar babbar mota, suka gitta su a kan rafin, suka jera katako suka buga. Suka kafa doguwar gora a kowane ɓangare, da tsohon wili a gindinta don ta yi saurin ɗagawa. Duk motar da za ta hau sai ta biya, da abin da aka tara ake canja katakon da ya tsage. Gaskiya ban ga laifinsu a nan ba, sun yi abin da masu farar mota suka kasa. Sai dai gadar mota ɗaya take ɗauka, ita ma ba da cikakken lodi ba. In a-kori-kura ta zo da doya sai an sauke rabi, mata su ɗauka a kafaɗa su ƙetare da shi, motar ta lallaɓa ta haye, a sake lodawa, sannan a kira ta bayanta.

Shugaban samarin wani dogo ne, Danjuma, amma Ciyaman kowa ke ce masa. Dokarsa ɗaya ce: layi. Ba oga, ba ɗan sarki, ba mara lafiya, don a cewarsa tun da aka kafa gorar bai ga direban da ba shi da mara lafiya a bayan mota ba. Abu ɗaya ake ɗaga wa gora ba tambaya, ba biya, shi ne gawa. A ƙasar nan duk motar da ta ɗauko mamaci ana soka mata ɗanyen ganye a bamba da ƙarƙashin waifa. Da an hango ganye sai direbobi su kauce cikin ciyawa da kansu, maza su cire hula, ba mai leƙa taga. Musulmi da Kirista da mai tsafi duk sun yarda da wannan. Kuma duk sun yarda da abin da ke bayansa, cewa ba a ɗaura wa mai rai ganye, wanda ya yi haka ya kira masa mutuwa da hannunsa.

Wata safiyar Talata ina wanke mota a ofis sai ga Asabe, ko mayafi ba ta yafa daidai ba. Wani direban doya ya biyo ta kasuwa da saƙo cewa maciji ya sari Ladi jiya da yamma a kunyar doya, an yi na gida bai yi ba, a zo. Na hau sama wurin ogana, wani darakta mutumin Katsina, mai faɗa amma mai tausayi. Ban gama magana ba ya ce, “Ɗauki motar, Isiyaku, kada ka tsaya neman sa hannun kowa.” Doguwar mota ce mai ƙofa a baya. Shigarmu ba ta yi wuya ba, don da sauran safiya, motoci kaɗan muka tarar, muka biya muka haye.

A ɗakin Kaka muka same ta kwance a tabarma. Kububuwa ce, sun kashe ta sun rataye a dangar gida, kamar ganin gawarta zai rage wani abu. Ƙafar ta kumbura har cinya, an tsattsaga wurin da reza an shafa baƙin magani, tsagar kuwa ta ƙi daina tsiyaya. Da ta buɗe baki ta ce “Baba,” sai na ga jini a dasashinta. Na yi shekaru ina kai manya asibiti ina jin hirarsu, na san abin da wannan yake nufi. Tsohon ya so a jira wani mai magani da aka aika a kira daga ƙauyen gaba. Ban tsaya gardama da suruki ba, na sunkuya na ɗauki 'yata. Na kwantar da kujerun baya, Asabe ta shiga ta zauna ta ɗora kan yarinyar a cinyarta. Bulus ya ce zai biyo mu da babur in ya kintsa gida.

Abin da na manta shi ne ranar kasuwa ce, ga sabuwar doya ta fito. Tun kafin mu hango rafin muka tarar da wutsiyar layi, a-kori-kura bayan a-kori-kura, kowace ta durƙusa da lodi, hanya kuma siririya, dama da hagu taɓo da ciyawa. Rana ta take. Na kashe mota na sauka da gudu, ina ratsa mata masu ɗauke da doya, har bakin gorar. Na sami Ciyaman tsaye da 'yar jaka a wuya. Na gaishe shi da ladabin da ban taɓa yi wa mai tsaron shinge ba, na gaya masa abin da ke tafe da ni.

Ya ce, “Oga, sorry. Kowa a nan yana da mara lafiya. Ka koma layi.”

Na ce, “Ɗan'uwa, zo ka gani da idonka. Maciji ne, jini take zubarwa. 'Yar gidan su Bulus ce, jikar tsohon nan na ƙauyen sama.”

Ya ce, “In na bar gora na je duba naka, wancan ma zai ce in duba nashi. Jiya wani ya kwantar da matanshi a baya yana nishi, da ya haye muka ga yana dariya.”

A nan na yi abin da na saba, na nuna masa cewa motar gwamnati ce, ya dubi lambar. Ashe wuta na zuba wa fetur.

Ya ce, “Gwamnati? To ka bi ta gadan gwamnati. Wannan namu ne.”

Samarin suka kwashe da dariya. Na bi direbobin da ke gabana ɗaya bayan ɗaya ina roƙo. Wasu suka ce in na gaba ya kauce su ma za su kauce, na gaban ya ce tun hantsi yake nan, in ya faɗa taɓo wa zai ciro shi. Na san za ku ce me ya hana mu saɓa ta mu ƙetare da ƙafa. Na yi wannan tunanin, na haye na duba. Motocin da ke can duk shigowa za su yi, ba wanda ya yarda ya juya ya rasa layinsa, daga nan zuwa kwalta kuwa tafiya ce mai nisa cikin taɓo, ba ta goyon yarinyar da ke zubar da jini ba. Na dawo mota. Na tarar Ladi ta yi amai, zanen uwarta duk jini. Asabe ta dube ni, na girgiza kai. Ta zare cinyarta a hankali, ta tallafe kan yarinyar da ɗankwalinta, ta fita.

Akwai wata bishiyar mangwaro a gefen hanya. Ina kallo ta kama reshe ta karya, ta sake karya wani. Sai da ta nufo gaban motar na gane. Na tare ta, na riƙe mata hannu, ina magana ƙasa-ƙasa don kada a ji.

Na ce, “Maman Ladi, kina da hankali kuwa? Tana numfashi.”

Ta ce, “Na sani. Shi ya sa.”

Na ce, “Ke kika fi ni sanin abin da mutanenku ke cewa.”

Ta ce, “Malam, kai ka ce mini rai a hannun Allah yake, ba a hannun ganye ba. Ko ƙarya ka koya mini? Sake ni.”

Na sake ta. Ita ta soka ganyen a bamba, ita ta ɗaga waifa ta danne sauran. Muna can ƙarshen layi, bayanmu kwana ce, ba wanda ya lura da wanda ya soka. Ta koma ciki, ta sunkuya a kunnen yarinyar ta yi mata magana da Gwaranci, ta ja zane ta rufe ta har kai. Sannan ta ɗaga murya ta rusa kukan mutuwa irin nasu. Ban taɓa jin abu mai ban tsoro kamar kukan nan ba, kuma ba na jin na ƙarya ne, tun safe yake cikinta.

Abin da roƙona ya kasa, ganye ya yi shi nan take. Duk wanda ke wurin ya ga lokacin da nake bin mutane ina magiya, don haka ba wanda ya yi shakka, kowa ya ɗauka yarinyar ta cika a layi. Direban da ya ce zai faɗa taɓo shi ya fara faɗawa da kansa. Motoci suka dinga darewa, mata suka sauke doya suka ɗora hannu a ka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba dama in yi gudu, don motar gawa ba ta sauri. Haka na bi ta tsakiyarsu a giya ɗaya, ƙafata na ƙaiƙayin totur, ta ko'ina ana cewa, “Allah ya jiƙan ta,” “Allah ya ba da haƙuri.” Ta madubi na ga hannun Asabe a ƙarƙashin zanen, ta toshe wa yarinyar baki don kada nishinta ya fito. Da muka iso bakin gada gorar tana sama. Ciyaman ya cire hula ya sunkuyar da kai, wata tsohuwa tana nuna shi da yatsa tana cewa shi ya kashe 'yar mutane, wasu suka kama mata. Na ji ƙarar mari a bayana, ban waiwaya ba. Muna shan kwana na taka mota, Asabe ta yaye zanen, na tsaya na fizge ganyen na watsar a daji.

Asibitin farko ba su da allurar dafin maciji, suka tura mu gaba. A na biyu aka rubuta mana, na zaga shagunan magani har na samo, aka ɗaura mata. Aka ɗebi jinina aka ƙara mata. Zuwa washegari jinin dasashin ya tsaya, ta sha kunu, har ta ce wa wata nas ɗankunnenta ya yi kyau. Na fita bayan ɗakin na yi sujada a kan siminti. Da na dawo uwarta ta je wanke zane, sai ta kamo yatsana.

Ta ce, “Baba, jiya na mutu ne?”

Na ce, “Wa ya gaya miki? Ga ki kina shan kunu.”

Ta ce, “Na ji ana ta cewa Allah ya jiƙan ta. Mama ta ce in yi shiru kamar ina barci. Na yi shiru sosai, ko?”

Na ce ta yi shiru sosai, ta fi kowa iyawa. Na juya fuska wajen taga, don ban so ta ga abin da ke idona ba.

Ranar da rana sai ga Bulus, idanunsa jawur. Ashe tun jiya labari ya koma ƙauye cewa Ladi ta cika a bakin gada, kuma Bahaushe ya wuce da gawar Gudu bai ko juyo da ita Kaka ta gani ba. An kwana ana kuka, Kaka ta faɗi sai da aka zuba mata ruwa. Ya je gidanmu neman inda aka binne ta, maƙwabta suka ce ai suna asibiti. Ya shigo ɗakin ya ga yarinya zaune an jingina ta da filo, ta ce, “Kawu, ina tsarabata?” Sai da ya dafa bango. Ya rungume ta, ya yi kuka, ya yi godiya ga Allah. Sannan ya ja mu waje ni da ƙanwarsa, fuskarsa ta canja.

Ya ce, “Wa ya sa ganye?”

Na ga leɓen Asabe ya motsa. A ɗan wannan tsakanin na hango abin da ke jiran ta. Ni baƙo ne, in sun tsane ni sun tsani baƙo. Ita kuwa can uwarta take, can ubanta yake, can za ta kai ku in an haife ku, kuma macen da aka ce ta kira wa 'yarta mutuwa ba ta da sauran wurin zama a tsakar gidan nan. Ba wani dogon tunani na yi ba, kuma kada ku mai da ni waliyyi, bakina ne kawai ya riga nata.

Na ce, “Ni ne. Ita ba ta so ba, na fi ƙarfinta.”

Bulus ya kalle ni. Ya ce, “Malam, ka yi addu'a yarinyan nan ya tashi.” Ya hau babur ya tafi, ya kai labari ƙauye, ya kuma bar shi a bakin gada. Asabe ba ta ce mini na gode ba, ban kuma jira ba. Har ta bar duniya ba mu sake ta da zancen a tsakaninmu ba.

Ladi ba ta tashi ba. Muna ganin sauƙi, har an fara maganar sallama, sai ta ce kanta na ciwo. Likita ya ce dafin ya daɗe a jiki kafin a kawo ta, jini ya ɓalle a ciki inda ba a gani. Aka sake allura, aka sake ƙarin jini. Ranar Juma'a da hantsi ta daina gane mu, kafin azahar ta cika, kanta a cinyar uwarta. Ni na san abin da ya kashe 'yata: maciji, da kwanan da ta yi ana shafa mata baƙin magani, da zaman layi, da kwana da ya ƙare. Ganyen mangwaro bai taɓa kashe kowa ba. Amma sanina bai hana wani abu ya tsaya mini a rai ba duk lokacin da na tuna tambayar da ta yi mini, kuma na san abin da ya tsaya wa uwarta ya fi nawa girma.

Matan gidanmu na Gudu suka yi mata wanka suka sa ta a likkafani, limamin unguwa ya sallace ta bayan an sauko Juma'a. Ga maƙabarta nan kusa, har an tafi da masu haƙa. Asabe ta fito tsakar gida ta ce ba a nan ba, sai a ƙauyensu. Ta ce an sa Kaka kukan mutuwa, an dawo an ce mata ƙarya ne, yanzu in aka sake ce mata gaskiya ne ba ta gani ba, har ta mutu za ta dinga jiran yarinyar a bakin ƙofa. Liman ya yi faɗan jinkirta gawa, abokaina suka ce in nuna ni ne mai gida. Na dubi matar nan na ga ba abin da ya rage mata sai wannan, na ce a naɗe ta a tabarma a sa a mota. Akwai mangwaro a ƙofar gidan. Wannan karon ni na karyo, ni na soka, ita kuwa ta shige mota ta kau da kai.

La'asar ta yi muka isa rafin. Ba ranar kasuwa ba ce, amma akwai 'yan motoci da masu dawowa daga gona. Direbobin suka ga ganye suka kauce yadda aka saba. Na lallaɓa har bakin gorar, na tsaya ina jira ta ɗaga. Ba ta ɗaga ba. Ciyaman ya tako ya tsaya a gaban motar, hularsa a kansa, ya dubi lambar, ya dubi ganyen, ya zagayo tagata.

Ya ce, “Oga, ka dawo. Ranan nan ka sa an mare ni a gaban yarana. An je gidan uwana an zage shi, an ce ɗanshi ya kashe yarinya. Ashe wayo ne.”

Na ce, “Ciyaman, wancan ya wuce. Yau gaskiya ce. Don girman Allah ka ɗaga mana, rana tana faɗuwa.”

Ya ce, “Ranan ma don Allah ka ce. Buɗe baya. Daga yanzu ko wane ne, sai mun gani.”

Wani dattijo a cikin masu kallo ya ce kai yaro, ba a buɗe gawa a hanya. Samarin suka ce ai ba gawa ba ce, buhun doya ne aka naɗe. Jinina ya hau, na ɓalle ƙofa na fito, na rantse da Allah duk wanda ya taɓa motar nan sai dai a kwashi gawa biyu. Na laluba ƙarƙashin kujera na jawo ƙarfen kwance taya. Suka yo kaina, har wani ya ci kwalata. Ana cikin wannan hayaniya sai muka ji ƙarar ƙofar baya.

Asabe ce ta buɗe. Ta jawo tabarmar zuwa bakin ƙofa ita kaɗai, ta warware ta. Ta kwance ƙullin likkafanin na wajen kai, da haƙori ma ta taimaka don an ɗaure shi tam. Ta yaye, ta cire audugar da ta rufe fuskar.

Ta ce, “Danjuma, zo.”

Ba ta ce Ciyaman ba, sunansa na gida ta kira, don ta san shi tun yana yawo ba wando. Ya tako kamar ana jan sa. Daga nesa ya leƙa, ya ja baya, ya kai hannu zai cire hula.

Ta ce, “A'a, matso. Ka ce sai ka gani. Kar gobe a ce barci yake yi.”

Ta kama hannunsa ta ɗora a goshin Ladi, ta danne da nata. Ya yi ƙoƙarin zarewa ta ƙi saki. Na ga ƙaton nan ya durƙusa cikin taɓo. Sai da ta ga dama ta sake shi. Ba wanda ya ba da umarni, wani dai daga cikin samarin ya je ya danna wilin, gorar ta tashi.

Ta mai da audugar, ta ja likkafanin ta rufe fuskar, ta ɗaure ƙullin yadda ta same shi. Ta hau ta zauna, ta ɗago kan ta ɗora a cinyarta. Na jefar da ƙarfen a ƙasan mota, na rufe musu ƙofa, na shiga na ta da inji. Tayoyin gaba suka hau katakon farko, gadar ta yi ƙara, motar ta girgiza. Sai na ji muryarta daga baya, a hankali.

Ta ce, “Malam, bi sannu. Kanshi yana buguwa.”